Ba Kai Ka Kashe Linzamin Ba, Yaya Isiyaku

Zuwa ga Yayana, Malam Isiyaku mai tafireta,

Assalamu alaikum. Da kana gida a Doguwa ne, da na fara da tambayar lafiyarka da ta iyali, in tambayi gona, in ce a gaida maƙwabta. To ba ka gida. Wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka, kuma na san babu direban da zan tsayar a tashar Tudun Wada in ba shi wannan takarda in ce ya miƙa maka. Ba za ka karanta ta ba. Duk da haka na zauna ina rubutawa da biro, da wannan rubutun nawa da kake cewa sai ka sa tabarau biyu kafin ka gane shi. Shekara ashirin kana buga wasiƙun makarantarmu, kana gyara mana kurakurai ba tare da ka gaya wa kowa ba. Wannan kam haka za ta zauna da kurakuranta.

Akwai wani ruɗu da kusan kowa yake faɗawa a farkon koyon kwamfuta. Mutum ya tura linzami a kan tebur, ya ga 'yar kibiyar da ke fuskar kwamfutar ba ta motsa ba, sai ya ce linzamin ya mutu. Ɗalibaina haka suke cewa, malamai ma haka. Sau da yawa kuwa lafiyar linzamin ƙalau. Yana aika saƙonsa, kwamfutar ce take jiran saƙon ta wata ƙofa daban. Yanzu ina iya bayyana wannan a aji cikin minti biyar, har da zane a allo, yara su gane su yi ta murna. A lokacin da wannan bayani zai amfane ka, Yaya, na san shi, kuma na yi shiru. Dalilin wasiƙar ke nan. Amma bari in fara ba ka labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya.

Matarka, Yaya Hajara, ta fita takaba lafiya. Masarar da ka shuka ba ta lalace ba. Mutanen unguwarku sun yi gayya sun girbe ta, ƙaninka Sale ya ce rumbu ya cika har an jibge saura a soro. 'Yarka Bilkisu ta samu shiga kwalejin horon malamai, kuma lissafi ta zaɓa, ka ga na samu magajiya. Buba na rugar bayan makaranta, wanda kuke zama kuna gardamar shanu alhali kai ko akuya ba ka da ita, ya dawo daga yawon kiwo ya zo ofis da ƙwaryar kindirmo yana tambayarka. Babu wanda ya kai masa labari. Ya daɗe a zaune a bakin ƙofa, sannan ya bar wa masinja ƙwaryar ya tafi. An kawo sabon akawu daga Kiru. Ba shi da laifi, amma yana dukan tafiretarka kamar ta zage shi, kuma ba ya bin takardun jarrabawar Hausa da biro yana sa wa baƙaƙe ƙugiya kamar yadda kake yi.

Ka tuna ranar da na fara zuwa makarantar nan daga Bebeji, da akwatin ƙarfe da takardar kama aiki, aka ce babu ɗaki a gidajen malamai? Kai ka ɗora akwatin a kan kekenka, ka kai ni gidan da kake haya a cikin gari, ka share mini ɗakin zaure. Shekara biyu ina cin tuwon Yaya Hajara. Da zan yi aure kai ka shige gaba. Ban taɓa kiranka Malam Isiyaku ba sai a gaban shugaban makaranta. Ina tuna maka wannan ne don ka san ban manta ba, kuma a ranar da na yi abin da na yi ma ban manta ba. Da mantuwa ce da ta fi sauƙi.

Da tsofaffin ɗalibai suka kawo wa makaranta kwamfuta guda ɗaya, aka ajiye ta a ƙaramin ɗakin da ke jikin ofishin shugaba, aka yanka makulli biyu. Ɗaya nawa, don ni ne malamin lissafi da aka tura kwas. Ɗaya naka, don kai ne mai buga takardu. Malamai sun ce tsufa ba zai bar ka ka koya ba. Cikin wata biyu ka fi mu duka sauri, domin yatsunka sun riga sun san inda kowane baƙi yake. Linzamin ne kawai ya ba ka wuya da farko. Kana riƙe shi da hannu biyu, kana kiransa ɓera saboda doguwar wutsiyarsa. Da kuka saba kuwa, sai ka ɗauke shi kamar ɗan riƙo. Kowace Alhamis sai ka kife shi, ka murɗe zoben da ke cikinsa, ka fito da ƙwallon robar, ka goge ta da auduga da sifirit ɗin da kake wanke baƙaƙen tafireta da shi, ka kankare dattin 'yan sandunan ciki da tsinken ashana. Babu wanda ya koya maka. Cewa kake duk abin da yake mirginawa a kan tebur sai ya kwashi datti.

A hutun tsakiyar shekara na koma kwas a Zariya. A can wani malami ya nuna mana wata manhaja da ake kira Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Yaya, ka san halina idan na ga sabon abu. Ya ce kyauta ce, kowa na iya kwafa ya ba wani, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara abin da bai yi masa ba. Na tuna yaranmu na Tudun Wada da Doguwa da ke kwance rediyo da keke su mayar. Na ce a raina, ga abin da zan koya musu, ba danna wannan danna wancan kawai ba. Na dawo da faifai ɗaya da wani littafi da aka yi mana hotonsa, shafukan sun yi baƙi-baƙi a gefe. Na gaya wa shugaba cewa tsohuwar manhajar tana yawan kamuwa da cuta daga ƙananan faya-fayan da ake kawowa daga waje, wadda na zo da ita kuwa ba ta san wannan ba. Ya amince. Kai kaɗai ka tambaye ni ko ba za a bari sai bayan jarrabawa ba. Na ce maka aikin yini ɗaya ne.

Ranar Alhamis ce. Da safe ka yi wa linzamin gyaransa na mako kamar kullum, ina tsaye ina kallo. Aka tayar da janareto, na goge tsohuwar manhajar, na ɗora sabuwa. Wajen azahar ta tashi, farin rubutu a kan baƙar fuska, duk abin da na buga tana amsawa. Malamai sun cika ɗakin har bakin taga. Saura mataki ɗaya, wato in buɗe fuskar da ake aiki da linzami a cikinta. A nan manhajar ta yi mini tambayoyi, ɗaya daga ciki ita ce a wane soket na haɗa linzamin.

Bari in bayyana maka yadda ya kamata in bayyana tun ranar. A bayan akwatin kwamfutar akwai soket biyu iri ɗaya sak, kowanne da 'yan haƙora tara. Tsohuwar manhajar tana kiransu na ɗaya da na biyu, kamar yadda ni da kai za mu ƙirga. Linux kuwa daga sifili take fara ƙirga. Soket na farko shi ne sifili a wurinta, na biyu shi ne ɗaya. Linzaminmu yana haɗe a na farko. Ni kuwa da aka tambaye ni, na buga ɗaya. Daga wannan lokaci kwamfutar ta koma tana sauraron soket na biyu, inda babu komai. Malamin lissafi, wanda ke tsayawa gaban yara yana gaya musu sifili ma lamba ce.

Fuskar ta buɗe, kibiya ta fito a tsakiya. Na tura linzami. Ba ta motsa ba. Na kashe na kunna, na cire na mayar, na buɗe littafi ina bin layi da yatsa, gumi yana ɗiga a kan takarda. Sai ka sunkuya ka leƙa bayan akwatin, ka ce a hankali, don ni kaɗai in ji, ga wani rami nan irinsa a kusa, ko in gwada sa shi a can.

Da na miƙa hannu na yi abin da ka ce, da kibiyar ta motsa nan take. Aikin daƙiƙa biyar. Kwamfutar tana can tana jira a wannan ramin da ka nuna.

Amma ni ne na je Zariya. Ni ne mai littafi. Mai tafireta ya gaya mini abin da zan yi a gaban mataimakin shugaba? Na ɗaga murya na ce wannan ba fitilar ƙwai ba ce da za a yi ta lalube, komai da ƙa'idarsa. Sannan na ɗauki linzamin na kai hancina, na ji ƙanshin sifirit, na ce ga matsalar nan. Na ce ruwan da ka wanke shi da shi ne ya shiga ciki ya ƙone shi. Ban yi tunani ba kafin in faɗa. Ina neman inda zan ajiye kunyata ne kawai, sai na ga kai ne mafi kusa, kuma na san ba za ka musa mini ba.

Ba ka musa ba. Ka ce shekara guda kana yi masa haka, amma tunda na faɗa, wataƙila yau hannunka ya yi nauyi. Ka ba ni haƙuri. A gaban mutane, kai ka ba ni haƙuri.

Ka san Malam Garba na Turanci, bakinsa ba ya ajiye magana. Nan take ya tambaye ka ko da sabulun salo ka yi wa ɓeran wanka, kuma ko ka shafa masa mai bayan an fito. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, Yaya. Kafin la'asar sunan ya kai ɗakin kwanan ɗalibai: Mai Wankan Ɓera. Washegari shugaba ya kira ka ya karɓi makullinka, ya sa ka buga sanarwa a tafiretarka cewa an haramta wa kowa buɗe linzami ko goge shi da wani abu. Kai ka buga ta, kai ka manna ta a ƙofar ɗakin da aka hana ka shiga. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Takardun jarrabawar zangon nan duka a tafireta ka buga su, kamar shekarun baya, har yatsunka suka kumbura.

Zuwa nan zan iya cewa jahilci ne da girman kai. Abin da ya biyo baya ba shi da wannan uzurin.

Bayan mako uku aka tura ni Kano in sayo sabon linzami. Na dawo ta Kwanar Dangora da shi a cikin kwali, na riƙe shi a cinya duk hanya. Na shiga ɗakin ni kaɗai da rana tsaka, malamai suna aji. Na haɗa shi a soket na farko. Kibiya ba ta motsa ba. Na zauna ina kallonta, domin sabo fil ne, babu wanda ya taɓa wanke shi. Na daɗe a haka. Sannan na tashi na rufe ƙofa, na zagaya bayan akwatin, na cire shi na sa a ramin da ka nuna. Na tura. Kibiyar ta tafi sumul har kusurwa.

Na buɗe durowa na ɗauko tsohon, naka, wanda aka ce ka kashe. Na haɗa shi a wurin. Ya yi aiki. Wallahi ya fi sabon santsi.

Ina jin ƙarar tafiretarka ta bango a lokacin. Taku goma ne tsakanina da kai. Me ya hana ni in buɗe ƙofa in kira ka? Na sha yi wa kaina wannan tambaya. Na tuna dariyar Malam Garba, na ga yadda za ta juyo kaina. Na tuna shugaba ya rubuta wa tsofaffin ɗalibai yana yabona. Na tuna yaran da ke bina suna cewa Malam Habibu ya san cikin kwamfuta. Sai na koma littafin, na gano maganar sifilin a wani layi da na tsallake, na gyara lambar, na mayar da sabon linzamin soket na farko don kada kowa ya lura. Naka kuma na naɗe shi a tsohuwar jarida na tura can ƙarshen durowa. Na fito na sanar cewa sabon linzami ya yi aiki. Kowa ya ce to, ashe dai wankan ne.

Kai ne mutum na farko da ya zo ya yi mini barka. Ka tsaya a bakin ƙofa, ba ka tsallaka ba.

Mako biyar muka ƙara yi tare kafin dogon hutu. Muna sallar azahar sahu ɗaya. Ranar kasuwa ka sayo rake ka raba biyu ka aiko mini da rabi. Kullum ina cewa gobe. Daga baya na ce bari a yi hutu, in same ka a Doguwa, mu zauna a gona mu biyu in gaya maka, inda babu mai ji. Ka lura? Ko tubana ma so nake in yi shi a ɓoye, alhali a bainar jama'a na ɓata ka.

Ban je ba. Sale ne ya zo Bebeji a tsakiyar damina ya ce zazzaɓi ya kwantar da kai kwana huɗu, an kai ka asibiti, ba ka kwana biyu ba. Na bi motar safe ta dajin Falgore, na isa ana shirin sallar jana'izarka. Bayan an idar, liman ya juyo ya ce duk wanda ka saɓa wa ya dubi Allah ya yafe maka. Jama'a suka amsa, mun yafe. Yaya, ni ma na buɗe baki na ce na yafe. Na ji muryata a cikin muryoyin. Ni, na yafe maka.

Da na shiga cikin gida yin ta'aziyya, Yaya Hajara ta sa aka kira ni gefe. Ta ce ka bar mini saƙo. Ka ce idan na zo a roƙe ni in yafe maka abin makarantar nan da ka lalata, ka jawo mini jin kunya a gaban mutane ranar da nake son nuna aikina. Ta ce abin ya tsaya maka a rai, ka ambace shi fiye da sau ɗaya. Na sunkuyar da kai na ce babu komai. Ta ɗauka kuka ne ya hana ni ƙara magana.

Ko bayan wannan ban faɗa ba. Aka dawo hutu, na ci gaba da koyarwa. Yara suna son Linux ɗin kamar yadda na yi fata, akwai 'yan mata biyu a aji biyar da suka fara rubuta ƙananan umarni da kansu, da ka gan su da ka ji daɗi. Ina tsayawa a gabansu ina cewa kada su ji tsoron kuskure, mai koyo ba ya jin kunyar cewa ban sani ba. Sanarwarka tana manne a ƙofa a bayansu.

Abin da ya tona ni ƙarami ne. Tunda an hana gogewa, sabon linzamin ya fara ciwo. Kibiyar tana tsalle, ka tura ta dama ta maƙale, sai ka ɗaga ka buga. Na san maganin, don na sha ganinka kana yi. Wata Alhamis bayan an tashi, na je ofis na roƙi sabon akawu ɗan sifirit da auduga, na ce zan goge tabarau. Na shiga ɗakin, na kife linzamin, na murɗe zoben, na fito da ƙwallon. Ina cikin kankare datti da tsinken ashana sai Malam Garba ya turo ƙofa yana neman alli. Ya tsaya. Ya dubi audugar, ya dubi sanarwar da ke ƙofa, ya dube ni. Ya fara murmushi, ya ce ashe marigayi ya bar magaji a gidan wanka, in dai yi a hankali kada in kashe wannan ma.

Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana cewa wanka bai taɓa kashe linzami ba. Na jawo durowa, na warware jaridar, na haɗa naka, na ce ya tura. Ya tura, kibiyar ta motsa. Na gaya masa komai, tun daga sifilin har saƙon da ka bari. Malam Garba, wanda ba a taɓa rufe masa baki ba, ya zauna a kan benci ya cire hularsa ya riƙe. Da ya yi magana, cewa ya yi shi ne ya raɗa maka sunan, kuma har a gaban ɗalibai ya kira ka da shi.

Ranar Litinin na nemi izini a taron malamai. Na sa aka ɗauko kwamfutar aka kawo ɗakin malamai. Na mayar da lambar yadda na buga ta ranar farko, na haɗa linzaminka a soket na farko, kowa ya ga kibiya a tsaye. Na ce ga abin da Malam Isiyaku ya ce a yi, na ƙi. Na matsar da shi rami na biyu. Ta motsa. Na gaya musu tun yaushe na sani. Washegari na maimaita a gaban ɗalibai a filin taro, na ce duk wanda ya ƙara kiran wancan suna, ni yake zagi, don ni na ƙirƙiro ƙaryar da ta haife shi.

Shugaba ya tashi da kansa ya ɓamɓare sanarwar. Na ajiye makullina a kan teburinsa. Ya tura mini shi, ya ce idan ya karɓa wa zai ba, tunda babu wanda ya san na'urar sai ni. Ka ji, Yaya? Kai da ba ka yi komai ba, kwana ɗaya aka karɓe naka. Ni da na yi, an bar mini nawa saboda ana bukatata. Akwai malaman da har yau gaisuwarsu gajera ce, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗansu kuma sun ce abin ya wuce, ƙaramin abu ne, in daina damun kaina. Waɗannan sun fi ba ni tsoro.

Na tambayi limamin masallacinmu abin da ya rage mini. Ya ce in gyara sunanka a duk inda na ɓata shi, in yawaita yi maka addu'a da sadaka, in je wa iyalinka. Ya ce haƙƙin mutum yana hannun mai shi, kuma bai ɓoye mini wannan ba.

Asabar da ta wuce na je Doguwa. Na tarar da Yaya Hajara a tsakar gida tana ɓarzar masara, ta yi murna da ganina, ta sa aka kawo mini fura kafin in zauna sosai. Ban iya sha ba. Na gaya mata. Ba ta san soket ba, ba ta san sifili ba, amma ta gane abin da ya kamata ta gane. Hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa. Sannan ta ce akwai ranar da ka ce mata kai a ranka ba ka ga yadda ɗan sifirit zai kashe abin ba, don kana matse audugar sosai kafin ka goga. Amma tunda Habibu ne ya faɗa, kuma shi ya yi karatun abin, kuma ba zai yi maka ƙarya ba, to haka ne.

Ta ce nata rabon, na baƙin cikin da ta ga kana ciki, ta yafe, saboda tuwon da na ci a hannunta. Naka kuwa ba ita ke da shi ba, ba za ta ba da abin da ba nata ba. Ta ce in sha furar kada ta yi tsami. Na sha.

To ga ni, Yaya. Ba kai ka kashe linzamin ba. Hannunka bai yi nauyi ba. Gyaran da kake yi daidai ne, shawarar da ka ba ni daidai ce, kuma saƙon neman gafarar da ka bari ba ni ne ya kamata a kawo wa ba. Ni ne mai roƙo. Ban san ko za ka yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ta biyu in ce na san za ka yafe don kai mai haƙuri ne. Da haƙurin naka na dogara na cuce ka tun farko.

Da ana dawowa ko na yini ɗaya, da na buɗe maka ɗakin nan, na mayar da lambar yadda take, na koma gefe na rungume hannuna. Da na ce, Yaya, zagaya baya ka sa shi inda ka ce. Gwada da kanka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ya ba ni ikon haɗa ido da kai ranar da za mu tsaya.

Ƙaninka na ɗakin zaure, wanda ya san abin da ya yi,
Habibu